Albasar Aliero da Tarurrukan Manya: A Wuyan Wa Asara Take Kwana?

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero zuwa Jega, tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, hancinsa zai sanar da shi lokacin da ake ciki tun idonsa bai gani ba. Lokacin cire albasa ne. Ana jibge ta tsibi-tsibi, ana zaɓe, ana ɗurawa a buhu, ana ɗinke baki, 'yan dako suna hawa da sauka a bayan manyan motoci. Daga nan motocin su miƙa kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri da Kontagora, su ƙetare Kwara a gadar Jebba, su bi ta Ilori da Ibadan har kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar fiye da kilomita 800. Waɗansu kuma su nufi Onitsha ko Aba ko Fatakwal.

A cikin shekara ɗin nan kuma, a manyan otal-otal na Legas da Abuja, akan yi tarurrukan masu harkar sufuri da safarar kaya. A can ne shugabannin kamfanoni da jami'an gwamnati da masana suke tattauna tashoshin jiragen ruwa, da rumbunan ajiya, da inshora, da na'urorin bin sawun mota. Harka ce mai tsari da cibiyoyinta: akwai Cibiyar Koyar da Fasahar Sufuri da aka kafa a Zariya a 1986, akwai tashoshin tsandauri da aka buɗe a Kaduna a 2018, da Dala ta Kano a 2023, da Funtuwa a 2024. Ba mu raina waɗannan tarurruka ba, gama hanya ba ta gyaruwa sai an zauna an yi shawara. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wani zama guda da ba a cika rasa shi a jadawalin taro ba, watau zaman da ake kira na alhakin kamfani ga al'umma. A wannan zama akan nuna hotunan rijiyar burtsatse, da ajin makaranta mai sabon fenti, da buhunan shinkafa da aka raba wa gwauraye, a tafa, wani lokaci a miƙa lambar yabo.

Tambayar da muke so mu auna tare ita ce: shin kamfani ya sauke alhakinsa in ya yi kyauta daga cikin ribarsa, ko kuwa alhakin yana can baya, cikin hanyar da aka bi ribar ta samu? Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu bi buhun albasa guda tun daga fadama.

Manomi yakan yafa iri wajen ƙarshen damina, ya yi dashe da shigowar hunturu, ya yi ta ban-ruwa wata uku ko fiye. Yawancin masu noman rani a wannan yanki da injin fetur suke jawo ruwa. Sa'ad da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. Ga taki, ga maganin feshi, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Ƙaramin manomi ba ya da wannan jari a hannu, saboda haka yakan karɓi bashi wurin ɗan kasuwa, bisa alkawarin zai biya da buhuna ranar da ya cire. Ranar cirewa kuwa ita ce ranar da albasa ta fi araha a duk shekara, domin kowa ya cire a lokaci ɗaya. Wanda yake da hali sai ya zuba tasa a rudu, wannan rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, ya jira har wajen Oktoba ko Disamba, sa'ad da buhu kan ninka kuɗinsa sau da yawa. Jiran ma da nasa hasara: albasa tana ramewa, tana tsiro, in damina ta sauka da lema sai ruɓa ta shiga. Shugabannin ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa sun sha faɗa cewa abin da ke lalacewa bayan girbi yakan kai kusan rabi.

Idan muka dubi wannan da kyau za mu ga cewa a cinikin albasa, ƙarfi yana hannun wanda zai iya jira. Albasa ba ta jira. Manomin da ake bi bashi ba ya iya jira. Ɗan dako da zai sayi garin tuwon dare da abin da ya samu yau ba ya iya jira. Direban da mai mota ya yanka wa ranar dawowa ba ya iya jira, shi ya sa yake tuƙi ido na lumshewa, wani har ya nemi taimakon ƙwaya. Wanda yake da kuɗi a banki da rumbu mai kyau shi kaɗai ne lokaci yake yi wa aiki. Duk jinkirin da ya auku a hanya, asararsa gangarowa take yi, hannu zuwa hannu, har ta iske wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa da zai miƙa wa.

Mun ga wannan ƙuru-ƙuru a 2021. A watan Fabrairu na shekarar rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha a Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da kaya. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu wajen ƙarshen watan, aka tare motoci a Jebba kusan mako guda. A kudu farashi ya yi tashin gwauron zabo, matalauta suka rage cefane. A arewa kaya suka yi kwantai, tumatir da albasa suka faɗi warwas a hannun waɗanda suka noma su. A watan Yuni kuma ƙungiyar masu albasa ta sake dakatar da kai kaya bayan an wawashe motocin 'ya'yanta a kudu maso gabas. Koke-koken 'yan kasuwar gaskiya ne, jinin da aka zubar kuwa jinin mutane ne. Amma a ƙarshen lissafi, waɗanda suka fi jin jiki su ne mai ɗan lambu a gefen gulbi da mai sayen albasar naira ɗari a Legas, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ba kuwa wanda ya nemi shawararsu. Haka abin ya kasance sa'ad da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Haka kuma bayan ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025, wadda ta hallaka mutane fiye da 150, ta kuma lalata hanyar da motocinmu suke bi.

Wani zai ce, ina ruwan kamfani da ambaliya ko juyin mulki? Gaskiya ne, ba shi ya kawo su ba. Amma shi ne yake rubuta takardar yarjejeniya, a cikin takardar kuwa ake yanke hukunci tun da wuri a kan wanda zai ɗauki asara in abin ya faru. Babban mai saye yakan ce ba zai karɓi kaya ba sai a ƙofar rumbunsa, duk abin da ya lalace a hanya na mai aikowa ne. Yakan riƙe ikon ƙin kaya bisa ma'aunin da shi kaɗai ya san shi, bayan motar ta riga ta yi tafiyar kwana uku, mai kaya ba shi da inda zai mayar. Yakan ce zai biya bayan kwana 30 ko 60 ko 90. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya karɓi kayan talaka ya sayar, ya juya kuɗin wata biyu ko uku kafin ya biya, rance ya ci daga hannun talaka, ba tare da ya roƙa ba, ba tare da ya ba da komai a kai ba. Shi kuwa talakan, a cikin waɗannan watanni, sai ya koma wurin mai ba da bashi da ruwa domin ya sayi iri. In irin wannan kamfani ya zo ƙarshen shekara ya haƙa rijiya a ƙauyen, da kuɗin wa aka haƙa ta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan muhawara tsohuwa ce, ba kuma a ƙasarmu ta fara ba. A 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya rubuta maƙala a jaridar New York Times yana cewa aikin kamfani ga al'umma shi ne ya ƙara riba cikin bin doka, sauran kuwa na gwamnati ne da na masu hannun jari in sun ga dama. Ra'ayin yana da ƙarfinsa, bai kamata mu yi masa dariya ba. Kamfanin da ya karye ba ya ɗaukar kowa aiki. In aka ƙara wa manomi kuɗi, mai yiwuwa a ƙara wa mai cefane, shi ma talaka ne. Ɗan kasuwar da ya ba da bashi a Nuwamba ya sa dukiyarsa cikin haɗari, gama iri yana iya zama na jabu, ƙwari suna iya cinye gona, manomi ma yana iya sayar wa wani a ɓoye. Wanda ya ɗauki haɗari yana da hakkin riba, wannan ba mu musu a kansa.

Sai dai hujjar tana yanka ta ɓangare biyu. In haɗari ne yake halatta riba, to, wanda ya tura dukan haɗari zuwa wuyan wasu ya riƙe ribar, da wane dalili yake riƙe ta? Maganar bin doka kuma ta dogara ga akwai doka mai tsaro. A kan hanyar Jega zuwa Legas, wace doka ce take tsare yaron mota da ya faɗo daga kan lodi, ko ɗan dako da buhu ya karya wa baya? Mutanen Aliero sun shahara da ɗorin karaya, har daga nesa ake kawo musu majinyata. Yana da kyau wata rana mai shirya taron sufuri ya zauna a zauren mai ɗori ya tambayi masu jinya sana'arsu, ya kuma tambayi wanda yake biya musu kuɗin magani.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Ranar 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rushe kusa da Dhaka a Bangladesh, ya kashe mutane fiye da 1,100, yawancinsu mata masu ɗinka tufafi domin manyan kantunan Turai da Amurka. Da yawa daga cikin kamfanonin da ake yi wa ɗinkin suna da rahotanni masu kyau na taimakon al'umma. Amsarsu ta farko ita ce, ma'aikatan ba nasu ba ne, na ɗan kwangila ne. Amma su ne suka yanka farashi, su ne suka yanka ranar kai kaya, farashin da ranar kuwa su ne suka sa aka kora mutane cikin ginin da aka ga ya tsage tun jiya. Bayan haka kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar tsaron gine-gine wadda kotu za ta iya tilasta musu cikawa. Tun a 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ce wajibi ne kamfani ya binciki illar da harkarsa take jawowa har ta hannun waɗanda yake saye wurinsu. Faransa ta mai da irin wannan doka a 2017, Tarayyar Turai ta bi baya a 2024, ko da yake daga baya an sassauta tata saboda matsin manyan 'yan kasuwa. Indiya kuwa ta bi wata hanya dabam a 2013, ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan alheri. A ganinmu wannan ita ce hanya mafi rauni, domin tana ƙidaya abin da aka bayar, ba ta tambayar yadda aka samo sauran kashi 98.

Ikilisiya ta daɗe da yin magana a kan ainihin wannan. A 1891 Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum, ya koyar cewa yardar ma'aikaci kaɗai ba ta mai da lada ya zama na adalci, in larura ko tsoro ne suka tilasta masa yarda. Wannan ya shafi manomin da ya karɓi kowane farashi domin albasarsa tana ruɓewa a gabansa: ya ce ya sallama, amma ba shi da zaɓi. A 1937 Paparoma Pius na 11 ya gargaɗi masu ɗaukar ma'aikata kada su ba da sadaka a madadin abin da yake hakkin mutum. A 2009 Paparoma Benedict na 16, cikin Caritas in Veritate, ya lissafa masu kawo wa kamfani kaya cikin waɗanda shugabanninsa za su amsa tambaya a kansu, tare da ma'aikata da masu saye da jama'ar wurin. Tushen duka yana cikin Shari'ar Musa, wadda ta hana a riƙe ladan matalaucin ɗan ƙwadago har rana ta faɗi, dalilin da ta bayar kuwa shi ne talaucinsa, watau ba ya iya jira. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan manoma da fataken albasa a wannan ƙasa, su ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan gaggauta biyan lebura. A nan ba mu da saɓani da su ko kaɗan.

Kada a ɗauka muna ƙyamar kyauta. Ruwan rijiya ruwa ne, yaron da ya sha ba zai tambayi niyyar wanda ya haƙa ba. Abin da muke cewa shi ne akwai gaba da baya. Mutumin da ake bi bashi ya yanka rago ya raba wa unguwa, mai bin sa kuwa yana tsaye a ƙofa, ba mai hankalin da zai kira shi karimi. Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan zurfi. Mai karɓar kyauta godiya ce tasa, ba shi da bakin ƙorafi in ba a sake ba shi ba. Mai karɓar hakkinsa yana tsaye da ƙafafunsa, yana iya cewa bai cika ba. Watakila dalilin ke nan da ya sa kyauta ta fi daɗin bayarwa.

Jega ta san harkar safara tun kafin a ƙera mota. A ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan. Ba za mu yi wa wancan zamani kwalliya ba, gama an sayar da bayi a kasuwanninsa, bayi kuma suna cikin masu ɗaukar kaya. Amma akwai abu guda a tsarinsa da ya cancanci tunawa. Madugu tare da ayari yake tafiya. In 'yan fashi sun tare hanya yana wurin, in gulbi ya cika shi ma a gaɓa yake kwana, shi ne kuma yake cinikin kuɗin fito da sarakunan hanya a madadin kowa. Madugun yau yana ofis, yana kallon motarsa a fuskar kwamfuta kamar ɗigon tawada mai motsi. Na'urar tana gaya masa inda kayansa suke a kowane minti. Ba ta gaya masa sa'a nawa direba ya yi bai runtsa ba, ba don ba za ta iya ba, sai don ba a tambaye ta ba.

Ba manyan kamfanoni kaɗai wannan magana ta shafa ba. Gaskiya ma, mafi yawan albasar Aliero ba ta bi ta hannun kamfani mai rajista, ta hannun dillalai da 'yan kamasho da masu mota ɗaya ko biyu take bi. A cikin masu sauraron wannan karatu ranar Lahadi akwai masu shago a Jega, akwai masu aika kaya gida kudu, akwai direbobi, akwai 'yan sanda da masu karɓar haraji da aikinsu yake kan hanya. Shinge guda da aka tsayar da motar albasa sa'a biyu cikin rana, don direba ya ƙi miƙa abin da ba ya cikin doka, ɗan abu ne a idon mai tsayarwa. Amma shingayen suna da yawa tsakanin Maiyama da Legas, zafi yana taruwa a tsakiyar lodi, abin da aka karɓa da abin da ya ruɓe kuma duk za a cire su daga kuɗin da za a aiko wa mai kaya, shi ma ya cire daga abin da zai ba manomi baɗi. Haka nan mai saye da ya ga manomi ya kawo kaya da la'asar, ya san ba shi da kuɗin mayar da su gida, ya yi ta jan ciniki har magariba. Ba wata doka da ya karya, ya dai yi amfani da faɗuwar rana.

Abin da za a iya gyarawa ba boyayye ba ne, ba kuwa sai an jira sabuwar doka ba. Babban mai saye yana iya biya cikin mako guda. Yana iya aiko mai duba kaya a duba su a Aliero kafin a yi lodi, domin abin da aka karɓa a nan kada a ƙi shi a Legas. Yana iya rubutawa cewa in gada ta karye ko an rufe hanya, za a raba asarar. Mai motoci yana iya sa direba biyu a doguwar tafiya, ya yi wa yaron mota inshora kamar yadda ya yi wa motar. Wanda yake da kuɗin yin alheri kuma, in ya gina rumbu mai shan iska inda ƙaramin manomi zai ajiye buhu ashirin, a ba shi takardar shaida, ya karɓi rance a kanta ya biya bashinsa ba tare da ya sayar a watan Maris ba, ya ba shi abin da ya fi buhun shinkafa, gama ya ba shi ikon jira. Sai dai waɗannan abubuwa ba sa yin kyau a hoto, suna kuma taɓa riba kai tsaye, shi ya sa ba mu cika jin su a zaman bayar da lambar yabo ba.

Saura maganar waɗanda suke zama a zauren. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kuɗin rajistar irin waɗannan tarurruka, da kuɗin mota da masauki, da harshen da ake magana da shi, sun isa su tsare ƙofa ba tare da an sa mai gadi ba. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, tana da zauruka, tana da malaman aikin gona. Ba abin da zai hana a yi zama guda a can cikin watan Maris, sa'ad da albasa take jibge a bakin hanya, a yi shi da Hausa, a sa tafinta domin baƙi. A gayyato manoman rani na Jega da Maiyama, da direbobi, da matan da suke zaɓen albasa, da shugabannin 'yan dako. Waɗannan na ƙarshe sai a biya su kuɗin yininsu kafin su zauna, domin ranar da suka yi a zaure rana ce da ba su ɗauki buhu ba.